"Likita, an turo mana a waya": tambayoyinku na wannan mako

Assalamu alaikum. Da na zauna karanta saƙonninku na wannan mako, sai na ga kusan dukansu da magana ɗaya suka fara: ko "an turo mana a guruf", ko "na gani a TikTok". Shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum, ban sa sunan kowa ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Ngaundere: Likita, idona yana yaji, kuma ba na samun barci sai ƙarfe biyun dare. An ce hasken waya yana makantarwa. Gaskiya ne?

Ba ya makantarwa, ɗana. Mai kallon waya yana rage ƙifta ido, sai idon ya bushe ya riƙa yaji. Ka ajiye ta awa guda kafin ka kwanta, ka sa ta caji nesa da shimfiɗarka. Idan idon ya yi ja, ko yana ƙwantsa, ko ganinka ya ragu, ka je a duba ka, kuma kada ka ɗiga masa komai kafin nan.

Tambaya daga wani magidanci a Gidar: Ga hoton ƙurajen da suka fito wa ɗana ɗan shekara uku, da zazzaɓi kwana biyu. Wane magani zan saya?

Malam, ba zan rubuta magani a kan hoto ba. Zazzaɓi da ƙuraje a jikin ƙaramin yaro yana iya zama ƙyanda, yana iya zama ƙarambau, yana iya zama abin da ya fi su. Ka kai shi asibiti yau ɗin nan, tare da katin rigakafinsa.

Tambaya daga wata uwa a Domayo, Marwa: 'Yata ta cika wata shida, an ce in kai ta allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Sai ga saƙon murya a guruf ɗin danginmu, wai allurar tana hana haihuwa, wai da 'ya'yanmu ake gwaji. Uwar mijina ta ce kada in kuskura. Na rasa yadda zan yi.

Ƙanwata, na gode da kika turo mini saƙon, na kuma saurare shi har ƙarshe. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, bai ambaci yaro ko ɗaya da abin ya sama ba. Ya buɗe da salati, ya yi ta rantsuwa, ya rufe da cewa duk wanda ya bar saƙon ya tsaya a wayarsa Allah zai tambaye shi. Ki duba saman saƙon, za ki ga 'yan kibiyoyi guda biyu. Alama ce da WhatsApp ke sawa idan saƙo ya bi ta hannaye da yawa. Wato ita ma wadda ta sa shi a guruf ɗinku ba ta san mai shi ba.

Abin da ke damuna da irin wannan saƙo shi ne ƙofar da yake shigowa. Da baƙo ne ya tare ki a bakin kasuwa ya ce kada ki yi wa 'yarki allura, da kin tambaye shi ko shi wane ne. To amma yanzu daga hannun gwaggo ko kawu yake fitowa, mutanen da kike jin kunya kuma kika san suna ƙaunar yarinyar. Amanarsu ce mai saƙon ya ara.

Ba zan ce miki tsoron mutane ba shi da tushe ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka biya diyya. Wanda ya taɓa jin wannan labari yana da haƙƙin ya yi tambaya. Sai dai a tambayi wanda ake iya komawa wurinsa gobe a riƙe shi da maganarsa.

Ita kuwa maganar hana haihuwa ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba. A 1990, a nan Kamaru, da aka zo yi wa 'yan mata rigakafin tetanus a makarantu, an yaɗa cewa za a kashe musu mahaifa ne, har wasu suka riƙa fita ta taga. A 2003 aka maimaita ta a kan ɗigon shan-inna, jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda. Me ya biyo baya? Cutar ta tsallako mana Kamaru da Chadi, ta kai har Yaman da Indunusiya, yara suka shanye. Waɗanda aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci su ne matasan da muke zuwa sunan 'ya'yansu yau. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, kuma rigakafin da aka yi ta zagi ne ya yi aikin.

Wannan allura da ake ce miki, sunanta RTS,S. An fi shekara talatin ana aiki a kanta. Daga 2019 aka yi wa yara sama da miliyan biyu a Gana da Kenya da Malawi ana bin lafiyarsu, aka ga mace-macen yaran da suka isa karɓarta sun ragu da kashi 13 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoba 2021. Sai bayan duk wannan ne Kamaru ta sa ta cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum, ranar 22 ga Janairu 2024. Saboda haka maganar cewa da 'yarki za a fara gwaji ba gaskiya ba ce. Kyauta ake yi, sau huɗu: wata shida, wata bakwai, wata tara, sai ta ƙarshe idan ta cika shekara biyu. Ta huɗun nan ita iyaye suka fi mantawa, ki riƙe ta.

In gaya miki iyakarta kuma. Ba ta hana zazzaɓin gaba ɗaya, rage shi take yi, musamman mai tsananin da ke kashewa. Gidan sauro yana nan daram, haka ma maganin da masu bi gida-gida ke ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar duk wata a lokacin damina. Bayan allurar jikin yarinya yana iya ɗumi kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura. Kaɗan daga cikin yara zafin kan kai su ga taune-taune. In kin ga haka, ki kwantar da ita a gefenta, kada ki cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada ki ɗura mata komai, ki kawo ta asibiti nan take.

Da ma zan iya shigo da masu tura irin wannan saƙo ɗakin yara a watan Satumba. Gado ɗaya yara biyu. Ka buɗe tafin hannun yaro ka gan shi fari fat, ka ja fatar idonsa babu alamar jini, uban yana tsaye a bakin ƙofa ƙarfe ɗayan dare yana kiran dangi ɗaya bayan ɗaya ko za a samu mai ba da jini. Na sha rufe idon yaran da aka kawo a makare. Wallahi ban taɓa ganin macen da rigakafi ya hana haihuwa ba.

Game da Inna, uwar mijinki, kada ki yi musu da ita a guruf, kada kuma ki kai yarinyar a ɓoye, don ranar da ta yi ɗan zazzaɓi laifin a kanki zai faɗa. Ki fara da maigida. Ku zauna ku biyu, ki karanta masa wannan amsa, shi ya je ya sami mahaifiyarsa cikin ladabi. In ta yarda, ku tafi da ita ranar awo ta yi tambayoyinta da bakinta, ta ga sauran iyaye a layi. Ku kuma tuna mata abin da ta riga ta sani: a Suratul Hujurati, aya ta 6, an umarce mu da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu cikin rashin sani. Kuma duk ranar da yarinyar ta yi zazzaɓi, an yi allura ko ba a yi ba, a kai ta gwajin jini a ranar.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Yelwa, Garwa: Mahaifinmu yana da ciwon suga shekara takwas. Na ga wani mai magani a TikTok yana rantsuwa garinsa yana warkarwa cikin kwana arba'in, da sharaɗin a daina na asibiti. Na tura kuɗi ta waya, an aiko. Sati biyu ke nan Baba ya bar ƙwayoyinsa. Yanzu yana yawan fitsari da ƙishirwa, mai maganin ya ce ciwon ne ke fita.

Alhaji, ka ajiye wayar nan ka ɗauki Baba zuwa asibiti yanzu. Ba ciwo ne ke fita ba, suga ne ya hau har ƙoda tana zubar da shi da ruwan jikinsa. Daga nan sai kasala, sai ruɗewa, sai suma. Ka tafi da ragowar garin a gani.

Raina yana ɓaci da waɗannan mutane, ban iya ɓoyewa. Mutum bai ga majinyaci ba, bai auna jininsa ba, bai san halin ƙodarsa ba, ya ce a jefar da maganin da ya riƙe shi shekara takwas! Kwanan baya na wanke ƙafar wani dattijo da ya bi irin wannan hanya wata uku. 'Yar ƙaya ce ta soke shi bai ji ba, kafin a kawo shi yatsu biyu sun yi baƙi. Ɗansa ya nuna mini lambar mai maganin, an riga an toshe shi. Ciwon suga lallaɓa shi ake yi da magani da abinci da motsa jiki, babu garin da ke tumɓuke shi. Zogale a miya ko kwaɗo ban hana ba, abinci ne mai kyau, amma ba ya tsayawa a madadin metformin ko allurar insulin. Mun ga irin wannan a Agusta 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zaga wayoyi a Najeriya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar. Ka kai Baba yau, kada ka jira gobe.

Tambaya daga wata uwa a Kuseri: Ɗana ɗan shekara biyu ba ya cin abinci sai an kunna masa waya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ƙasa da shekara biyu kada a ba shi waya, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa guda a rana. Zai yi kuka kwana uku ya saba. Ki zaunar da shi cikin 'yan'uwansa su ci tare. Idan har yanzu ba ya furta kalmomi ko ba ya juyowa in an kira shi, a duba kunnensa.

Tambaya daga wata budurwa a Injamena: Saura wata biyu bikina. Duk amaren da nake gani a Instagram farare ne masu jiki, ni kuwa siririya ce baƙa. Wata mai sayar da kayan gyaran amare ta ce in sha ƙwayoyin ƙiba da wani haɗin mai. Har kuka nake yi in na kalli madubi.

'Yata, kada ki sha. Ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe yawanci dexamethasone ce, kuma kumburi take sawa: fuska ta yi fam, ciki ya fito, ƙafafu su rame, hawan jini da suga su biyo baya. Wadda ta jima tana sha kuma in ta yanke rana ɗaya tana iya faɗuwa, sai an janye mata a hankali a asibiti. Man bilicin yana cinye fata har jijiyoyi su bayyana, ciwo ya ƙi warkewa, mai sinadarin mercury kuma yana lalata ƙoda. Saboda haka ne ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta hana shigo da irinsu da sayar da su a Agusta 2022. Hotunan da kike gani an tace su, ita kanta amaryar ba haka take ba in ta tashi da safe. Wanda zai aure ki a haka ya gan ki ya kai kuɗi gidanku. Ki daina bin shafukan nan zuwa bayan biki. In kukan ya ci gaba, barci da cin abinci suka gagara, ki gaya wa yayarki ko mahaifiyarki, ku zo asibiti tare.

Tambaya daga wani mai babur ɗin haya a Marwa: An sa ni a wani guruf na masu ba da jini, in an rasa sai a yi cigiya. Ina so in bayar, amma an ce yana rage ƙarfin namiji.

Ba ya ragewa ko kaɗan, Allah ya saka maka da alheri. Irin wannan guruf ya sha fitar da mu kunya da tsakar dare. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da shi. In ka kai shekara 18 da kilo 50, za a auna ka tukuna, kuma namiji yana iya bayarwa duk bayan wata uku. Ka ci abinci ka sha ruwa kafin ka je, ka huta daga hawa babur na 'yan awoyi bayan an ɗiba, kuma a asibiti kaɗai ake bayarwa.