Kan sunan Hannatu da ka tambaya

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai abokanka sun ce Hannatu sunan Yahudawa ne, kada ka sa wa jaririyar. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Sunan kakarka fa ake magana, wadda ta goya ubanka.

Ina 'yar budurwa aka yi wani suna a gidanmu na Zariya, ban manta ba. Tun asuba maza suka cika ƙofar gida, ana raba goro, rago ɗaure a gindin darbejiya. Mu mata muna ciki, mun kasa kunne. Liman ya yi addu'a, sai maroƙi ya ɗaga murya: an samu Hannatu, Allah ya raya! Goggonmu ta rangaɗa guɗa har sai da jaririyar ta firgita. Da hantsi wanzami ya zo aski. Can sai ga maƙwabciyarmu, Kirista 'yar Wusasa, da ƙwaryar fura a ka, tana cewa yau an yi mata takwara. Ita ta wuni tana tuƙa tuwon sunan. Babu wanda ya tambayi asalin sunan.

Malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce suna linzami ne, a duba wa ya fara amsa shi. A wajen malaman tafsiri, Hannatu ita ce matar Imrana, mahaifiyar Nana Maryam, wadda ta yi bakancen abin da ke cikinta ga Allah. A littafin Kiristoci kuma akwai wata Hannatu, uwar Annabi Sama'ila (ba Isma'ila ɗan Annabi Ibrahim ba), mai roƙon haihuwa da kuka. I, sunan daga Ibrananci yake, harshen Yahudawa, haka Saratu da Rahila. A Ƙudus akwai tsohuwar majami'a da aka gina da sunan uwar Maryam, Salahuddin ya mayar da ita makaranta a 1192, ginin yana nan har yau. Ga Hannatu Musawa 'yar Katsina da ta zama minista a 2023.

Abin da ke damuna, ku yaran yanzu a waya kuke neman fatawa, ga tsofaffi zaune a gida. Ka je ka gaida kawunka, shi zai yi wa yarinyar huɗuba. In kun sa sunan, kada in ji ana kiransa gatsau a gaban ubanka, ku ce mata Ummi. Ya jikin mai jego? A riƙa dama mata kunun kanwa.