Amsa: Wa ke da iko da kamun kifi a tsakiyar teku?

Malam, ka tambaya ko akwai dokar da ke hana manyan jiragen ruwa kwashe kifi a tsakiyar teku. Akwai, sai dai aiwatar da ita ne ke da wuya. Yarjejeniyar Dokar Teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku iko da albarkatun ruwa har tsawon mil 200 na ma'aunin teku daga gaɓarta, amma bayan wannan iyaka jirgi yana bin dokar ƙasar da ya ɗaga tutarta ne, shi ya sa masu satar kifi ke yin rajista a ƙasashen da ba sa sa ido.

Babbar ɓarnar tana zuwa ne daga tarun da ake ja a ƙasan teku, wanda ke rugurguza murjanin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana girma. Babban Taron Majalisar ya nemi a taƙaita wannan salo a 2006. A ganina, yarjejeniyar 2009 da ta ba tashoshin jiragen ruwa damar hana sauke kifin sata ta fi tasiri, domin kifin da aka kamo dole ne a ƙarshe a kawo shi gaɓa don a sayar.