Ƙanwata, ni ma a kaina aka rufe shago

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata da kika rubuto cewa an rataya ƙyallen gwanjon rufewa a ƙofar shagon da kike aiki a mol, wato babban ginin nan mai tarin shaguna, a nan Amurka, kina tambaya ko ki zauna har ranar ƙarshe yadda manajanku ya roƙe ku ko ki kama gabanki tun yanzu, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Na ga hirar ta juye ta koma lissafin shagunan da suka ɓace, wannan ya ce RadioShack mai kayan lantarki, waccan ta ce Payless mai takalma, ana ta dariya. Ba laifi, ni ma zan tsoma baki a ciki. Amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bari in fara da taki.

Kada ki zauna saboda alkawarin baka. In ya ce akwai kuɗin da za a ba duk wanda ya tsaya har ƙarshe, ki ce ya rubuta, da adadin kuɗin da ranar biya da sa hannun kamfani. In ya fara kame-kame, kin samu amsarki.

Ni shagon tufafi ne, ba zan kama sunansa ba. Na daɗe a wurin har ta kai ni ke riƙe makulli, ni ke buɗewa da safe kafin fitilun mol su gama kunnuwa. Da maganar rufewa ta fito, manajarmu ta tara mu a ɗakin ajiyar kaya, har da hawayenta, ta ce mu dangi ne, ba za ta bari a wulaƙanta kowa ba, duk wadda ta tsaya akwai kuɗin sallama da kuɗin hutun da ba mu ci ba. Ta kama hannuna ta ce ni ce ƙashin bayan shagon. A makon nan aka kira ni wani aiki mai inshorar lafiya, na je na gaya mata, ta ce haba, yanzu za ki tafi ki bar ni da yaran nan da ba su iya komai ba? Na ba wa masu aikin haƙuri.

Ashe ita tuni ta samu nata aikin a wani kamfani, ranar farawa kawai take jira. Ta sani sarai lokacin da take zubar mana da hawaye. Wata Litinin muka zo babu ita, sai wani mutum daga kamfanin gwanjo da allon rubutu a hannu, ko sunayenmu bai tambaya ba. Na yi masa maganar kuɗin sallama, ya ce shi kaya aka ba shi ya sayar, maganar ma'aikata ba hurumisa ba ce. Na kira ta, ba ta ɗauka. Na tura saƙo, ya nuna ta karanta, shiru. Matar da na riƙe mata shago ranar da ɗanta ke asibiti, na yi mata aikin ranakun hutu ban taɓa cewa uffan ba. Har yau in na tuna yadda ta dubi idona ta ce mu dangi ne, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Na bar ta da Allah, amma ban ce na manta ba.

Ranar ƙarshe har teburin kuɗi aka sayar, da madubai, da gumakan da muke sa wa kaya. Wata mata ta tsaya tana min faɗa a kan dala 2, wai rangwamen bai kai yadda aka rubuta a ƙyalle ba, ni kuwa ban san da me zan biya haya wata mai zuwa ba. Na miƙa makulli ga mutumin da bai san sunana ba, na fita na zauna a mota na kasa tayar da ita.

To ki ji. Daga ranar da aka rataya ƙyallen nan, shagon da kika sani ya riga ya tafi. Yawanci 'yan gwanjo ke juya komai, su kan mayar da farashi kan na asali sannan su fara ragewa kaɗan-kaɗan, wani lokaci har kayan da ba na shagon ba suke kawowa su cakuɗa, kuma abin da aka saya ba a dawo da shi. Duk fushin masu saye a kanki zai sauka. Don haka ki fara neman aiki yau, ba sai kin gaya wa kowa ba. Ki sauke duk takardun albashinki daga shafin ma'aikata ki ajiye, da lissafin awannin hutunki, don ana rufe shafin nan ba sallama. Ki tabbatar adireshin da suke da shi naki daidai ne saboda takardar W-2 ta haraji, ni tawa sai da na yi ta bin sawu.

Wani zai ce miki ai doka ta ce sai an ba ku sanarwar kwana 60. Eh, akwai dokar WARN ta 1988, amma ta kamfani mai ma'aikata 100 zuwa sama ce, kuma sai rufewar ta shafi mutum 50 a wuri guda. Shagon mol nawa ne ke da mutum 50? Mu ko rabin haka ba mu kai ba. Sai dai wasu jihohin suna da tasu mai tsauri. New Jersey ta tilasta wa manyan kamfanoni biyan kuɗin sallama, albashin mako guda a kan kowace shekarar aiki, dokar ta fara aiki a 2023. Kuma abin da ya faru da ma'aikatan kantin kayan wasan yara na Toys "R" Us ne ya tayar da ita. A 2005 aka sayi kamfanin kan dala biliyan 6.6, mafi yawa da bashi, aka ɗora masa bashin a ka, yana biyan ruwa kusan dala miliyan 400 duk shekara. Ya shiga kotun karayar arziki a 2017, a Yunin 2018 aka rufe shagunan Amurka, mutum sama da 30,000 suka fita babu ko sisin sallama. Sai da suka yi ta zanga-zanga kafin biyu daga cikin masu kamfanin suka haɗa asusun dala miliyan 20. Shi ya sa in na ji ana cewa intanet ce kaɗai ta kashe shagunan nan nake girgiza kai. Ta taimaka, amma bashi ya kwantar da da yawa tun kafin nan.

In kamfaninku na kotun karayar arziki, takarda za ta zo miki ta shigar da buƙatar bashin da kike bi, da ranar rufe karɓa. Kada ki jefa ta cikin tarin wasiƙun talla. Albashi da kuɗin hutu na kwana 180 kafin shiga kotu suna gaba da bashin masu kawo kaya a layin biya, har zuwa wani adadi. Kuɗin 401(k) ɗinki kuwa, wato ajiyarki ta ritaya, masu bin kamfani bashi ba sa taɓa shi, ki kwantar da hankali. Abu ɗaya da zai sa in ce ki yi lissafi kafin ki ajiye aiki: wadda aka sallama tana iya neman tallafin rashin aiki a jiharta, wadda ta ajiye da kanta ba tare da wani aikin a hannu ba galibi ba a ba ta. Wato kada ki fita sai kin taka wani wuri. Inshorar lafiya kuma, kina da kwana 60 daga ranar da ta yanke ki shiga ta kasuwar gwamnati, kada ki dogara da COBRA, wato damar ci gaba da inshorar wurin aiki bayan an bar aikin, in kamfani ya soke tsarin inshorarsa gaba ɗaya ita ma babu.

Ku kuma masu katin kyauta na shagon da zai rufe a jaka, ku je ku kashe shi gobe. Da Borders mai sayar da littattafai ta rufe a 2011 mutane sun kwana da katunan sama da dala miliyan 200, kotu ta ce sun makara. Bed Bath & Beyond mai kayan gida a 2023 'yan makonni kawai ta bayar a kashe katunan.

Mol ɗinmu ma bai daɗe ba bayan mu. Sears, babban kantin mol ɗin, ita ce babbar katangar da muka jingina da ita, da ta shiga kotu a Oktoban 2018 aka rufe ta wurinmu, ƙafa ta ɗauke daga wannan ɓangaren gaba ɗaya. Ƙananan shaguna da yawa suna da sharaɗi a takardar haya cewa in babban kanti ya tashi za a rage musu haya ko su fita, sai suka dinga zarewa ɗaya bayan ɗaya. Payless ta bi a 2019. Ita ce ta fi min ciwo, don can nake kai yara a auna musu ƙafa kafin komawa makaranta, a saya ɗaya a samu na biyu rabin kuɗi. Lokacin sanyi da ba a iya fita waje, mol ne wurin da muke sakin yara su yi gudu, mu zauna a wurin cin abinci da shayi ɗaya har la'asar. Rabin matan da na sani a garin nan a kan bencin gaban shagon takalma muka fara gaisawa. Yanzu sai tsofaffi masu zagayen motsa jiki da safe, da shagon gyaran waya guda ɗaya.

Ni fa har yau ban iya sayen takalmin yaro ta waya ba. In saya, ya zo ya matse, in nemi kwali, in buga takarda, in bi layi in mayar, kafin wani ya iso ƙafar ta ƙara girma. Wanda ya tuno da RadioShack ma ya yi gaskiya, ko batirin agogo yanzu sai ka sayi fakitin goma.

Ƙanwata, ki gaya min jihar da kike, ta sirri in kin fi so, in duba miki ko dokarku ta tilasta biyan kuɗin hutu, don ba duka jihohi ne suke yi ba. Kuma gobe in manajanku ya ce muku ku dangi ne, ki miƙa masa biro.