Kai mai latti da ke shirin tahowa Jamus

Ƙanena salamu alaikum, ya gida ya su Inna, ya damina a Ringim? Na ga saƙonka tun shekaranjiya, ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a nan Jamus, masha Allah Allah ya sa albarka, amma wai abin da ke damunka kai mutum ne mai latti, har a gida ana maka tsiya sai an tada iƙama kake neman buta, shin da gaske ne Bature ba ya wasa da lokaci ko dai zuzutawa ce irin ta 'yan ci-rani. To shekarata ta 6 ke nan a nan, bari in faɗa maka abin da na gani.

Da farko dai ka daina yarda da masu cewa wai Bahaushe bai san lokaci ba, wannan zance ne kawai. Wa ka taɓa gani ya yi lattin shan ruwa da azumi? An ce ɗaurin aure ƙarfe 11, ka zo sha ɗaya da kwata sai dai ka tarar ana rabon goro. Ruwan shuka ya sauka cikin dare, kafin gari ya waye kowa yana gona da sungumi, mai kai shanu kasuwar Maigatari ranar Alhamis kuwa tun Laraba ya gama shiri. Inda latti ke cizo mun san lokaci sarai. Sauran al'amura ne muka sake musu igiya, a ce mu haɗu bayan la'asar, wanda zai iya kaiwa har goshin magariba, ka kira mutum ya ce ga ni nan a hanya alhali ko wanka bai shiga ba, mota a tasha ba ta tashi sai ta cika, kuma ba za ka wuce dattijai a dakali ba ka durƙusa kun gaisa ba. A nan kuwa kusan komai irin ɗaurin auren nan ne.

Kalmar da za ka fara koya ita ce Termin, wato ranar da sa'ar da aka yanka maka ka zo. Likita Termin, banki Termin, rajistar adireshi da doka ta ce ka yi cikin kwana 14 da tarewa ita ma Termin. Ni a watannina na farko an ba ni ƙarfe 9:20 a ofishin takardun zama, na yi makonni ina jiran ranar nan, amma da safen na tsaya shan shayi ina lissafi irin na gida wai ai minti goma ba komai ba ne, na isa 9:35 ina haki. Lambata ta riga ta fito a allo ta wuce. Matar da ke wurin ko ɗaga murya ba ta yi ba, ta duba kwamfuta ta rubuta min wata rana a 'yar takarda, sama da wata guda gaba, ta ce na gaba. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. A gida sai ka marairaice ka ce don Allah Hajiya a taimaka, ko ka nemo wanda ya san wani, a nan ba wanda za ka roƙa, kuma laifina ne ba na kowa ba.

Abin dariya su ma jiragen ƙasansu lattin suke yi, kar ka ga ana ta yabonsu. Jirgin da ya makara ƙasa da minti 6 ma lissafa shi suke a matsayin wanda ya zo kan lokaci, duk da haka a 2024 wajen kashi 62 cikin 100 ne kawai na jiragen dogon zango suka cika wannan sharaɗin. Za ka ga Bajamushe a tasha yana duba agogo yana tsaki kamar ɗan Kano a go-sulo. Sai dai wannan ba ya zama maka hujja a wurin aiki ko ranar jarrabawa, cewa za a yi me ya hana ka hau na kafin shi. Don haka lissafi daga baya ake farawa, in ƙarfe 8 ake nemanka ka cire tafiya, ka cire jiran bas, ka ƙara minti 20 na ko-ta-kwana, abin da ya rage shi ne lokacin fitarka. In kuma ka ga za ka makara ko da minti biyar ne ka buga waya tun kana hanya ka faɗi gaskiyar inda kake, wannan suna mutunta shi sosai.

A jami'a akwai ɗan sauƙi, in ka ga an rubuta c.t. a gaban lokacin lacca to sai da kwata za a fara, s.t. kuwa daidai kan ƙarfen. Aiki ne babu sauƙi, ɗalibi baƙo irinka yana da izinin yin aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara, kuma a siton da na yi dako kati kake dannawa a bakin ƙofa, na'ura ta rubuta mintin da ka shigo.

Wani abin da ba wanda ya gaya min, rana ba za ta taimake ka ba. A Disamba ƙarfe 8 na safe gari bai gama wayewa ba, ƙarfe 4 da ɗoriya an yi magariba, azahar da la'asar sun matse wuri guda, ga sanyi ga bargo, ba ladan ba zakara, in ba ka saita alam biyu ba sai ka farka tara. A Yuni kuma magariba tana kusan kaiwa ƙarfe 10 na dare. Suna kuma canza agogo Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, da hunturu lokacinmu ɗaya da gida, da bazara muna gabanku da awa guda.

Mu kanmu fa ba mu canza duka ba, a sa walimar suna ƙarfe 2 a nan cikin 'yan uwa, sai biyar za ka ga ana shigowa da babbar riga, mutanen da Litinin shida saura suna bakin aiki. Ni kuma da na je gida bara na kama kaina ina duba agogo ana cikin gaisuwa, Baffa ya kalle ni ya ce ko jirgi ne zai tashi ya bar ka? Kunya ta kama ni ba kaɗan ba.

Kai dai ka fara gwaji tun yanzu da sahun farko a masallacin unguwa, ka ga ko za ka yi sati biyu ba fashi. In biza ta fito ka turo min ranar sauka da lambar jirgi zan tarye ka a Frankfurt insha Allahu, kuma ko Inna ta matsa kar ka ɗauko kilishi, an hana shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida mutan gida.