Filin Tambaya: Shin aikin 'yan gwangwan ne aka yi wa sunan boko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana ambaton tattalin arziki mai kewayawa a rediyo, ana cewa shi ne hanyar samun ci gaba mai ɗorewa. Shin wani sabon abu ne, ko kuwa aikin 'yan gwangwan ne aka yi wa sunan boko?
Daga wani malamin firamare a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka yi nisa da gaskiya ba, sai dai ɗan gwangwan a ƙarshen layi yake, al'amarin kuwa tun daga farkon layi yake farawa. Tsarin da masana'antu suka saba da shi shi ne a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a jefar. Shi wannan tsari na kewayawa cewa ya yi tun ranar da za a ƙera kaya a yi tunanin yadda za su daɗe, yadda za a gyara su idan sun lalace, da abin da za su koma idan sun gama aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a shekarar 2015, kuma na 12 a cikinsu kan wannan batu ya tsaya, wato kula da yadda ake sarrafa kaya da yadda ake cin moriyarsu.

Mu dai ba baƙi ba ne a nan. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna kwasar shara da toka da kashin dabbobi a mangala bisa jakuna, su kai gona a matsayin taki, gonar kuma ta mayar wa birni da hatsi. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna zai ga yadda ake narkar da tsohon alminiyam a zuba shi a cikin ƙasar da aka yi wa siffar tukunya, jim kaɗan a fito da sabuwa. Wannan ba ƙaramar hikima ba ce, domin narkar da tsohon alminiyam kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na makamashin da ake bukata wajen samar da sabo daga ma'adini. Ga takalmin taya, ga gugan rijiya na tsohon tub.

A garin Kalundborg na ƙasar Denmak, tun shekarar 1972 masana'antu suka fara irin wannan a tsakaninsu, inda rarar iskar gas ta matatar mai ta zama makamashin wani kamfanin da ke maƙwabtaka da ita.

Sai dai ba kowane juyi ne ci gaba ba. Yaron da ke ƙona wayoyin lantarki don ya ciri jan ƙarfe, ko yake fasa tsohon batirin mota da hannu, gubar hayaƙi da ta darma yake kwasa a jikinsa, kuma a ganina duk tsarin da ya ceci ƙarfe ya salwantar da lafiyar mutum bai cancanci a kira shi mai ɗorewa ba.

Inda muka fi rauni shi ne leda. Ledar fiya wata ba a yi ta don ta dawo ba: tana toshe kwata da damina, kuma mahauta sun sha ciro dunƙulenta daga tumbin shanu da awaki. Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Jamus kuwa kuɗin ajiya ta ɗora, santi 25, wato kwatan Yuro ɗaya, a kan gorar roba da ba a sake cikawa ko gwangwanin abin sha, sai ka mayar a ba ka kuɗinka. Ai ka tuna, Malam, lokacin da mai shago ba ya barin ka tafi da lemon kwalba sai ka kawo wata kwalbar ko ka ajiye kuɗinta, kuma a wancan zamani da wuya ka tsinci kwalba ɗaya a bola.