Tambayi Likita: Yaushe uwa ke fara jin daɗin ɗanta?

Tambaya: Likita, yau kwanana 20 da haihuwa, haihuwar fari ce, kuma aiki aka yi mini. Kowa cewa yake da zarar an miƙo miki jariri za ki ji ƙaunarsa ta cika miki ƙirji. Ni da aka miƙo mini shi ban ji komai ba sai gajiya da zafin ɗinki. Ina ba shi nono, ina kula da shi, amma kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Anya lafiyata ƙalau?

Amsa: Barka da arziki ƙanwata, Allah ya raya. Wannan magana na sha jin ta a ɗakin duba marasa lafiya, kuma kusan kullum sai mai jegon ta waiga ta ga ƙofa a rufe take kafin ta faɗe ta. Akwai matan da ƙaunar ke zo musu nan take, akwai waɗanda take ratsa su a hankali, musamman wadda ta sha doguwar naƙuda, ko aka yi mata aiki, ko ta zubar da jini da yawa. Jikin da ya sha wuya ta kansa yake fara yi.

Shi kuwa yaron ya riga ya san ki. Tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, yake jin muryarki. Idonsa a yanzu ya fi ganin abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30, wato daidai tsakanin ƙirjinki da fuskarki idan yana shan nono. Sai dai bai kai ga mayar miki da komai ba tukuna. Murmushin da yake yi cikin barci ba don ke ba ne. Wanda zai yi miki da saninsa yakan zo a sati na 6 zuwa na 8. Ni a kan 'yata ta fari, da asuba ne, ina sauya mata ƙunzugu barci na fizgata, sai na ga ta daina wutsil-wutsil ta ƙura mini ido, bakin nan da ba haƙori ko ɗaya ya buɗe. Zama na yi a bakin gado ƙunzugun na hannuna, har na manta ban ɗaura mata ba.

Kafin lokacin, ki riƙa kwantar da shi a ƙirjinki daga shi sai ƙunzugu, fatarsa na taɓa taki, sama da wurin ɗinkin, ki lulluɓa muku zane. Amma ki lura da abu ɗaya. Kuka ba dalili da saurin ɓacin rai daga kwana na 3 zuwa na 5 yana samun mata da yawa, kuma yana wucewa cikin sati biyu. Ke kin haura sati biyun. Idan har yanzu komai ya fita ranki, ba kya iya barci ko da yaron ya yi, kina ganin ba ki da amfani, to ki je asibiti cikin satin nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego suna fuskantar larurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma yana jin magani. Akwai tambayoyi 10 da aka tsara a Edinbara ta ƙasar Birtaniya a 1987 da ake tantance shi da su cikin 'yan mintoci. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko yaron ya taɓa zo miki, wannan ba ya jiran gobe.

Tambaya: Duk sanda nake shayarwa sai in ji wata irin natsuwa da barci mai daɗi, amma marata tana murɗawa. Kwanana shida da haihuwa ta uku.

Amsa: Malama, daɗin da murɗawar duk uwarsu ɗaya. Idan jariri ya kama nono, jikinki yana sakin wani sinadari mai suna oksitosin. Shi ke matso ruwan nono, shi ke kwantar miki da hankali, shi ne kuma ke sa mahaifa ta tsuke ta koma yadda take, abin da ke rage zubar jini. Murɗawar ta fi tsanani ga wadda ta haihu fiye da sau ɗaya, kuma takan lafa cikin 'yan kwanaki. Idan ta haɗu da zazzaɓi, ko jini mai wari, ko jinin ya ƙaru, ki koma asibiti. Barcin nan kuma ki yi hattara da shi a kan kujera. Idan kika ji yana ɗaukarki, ki kwantar da yaron a rigingine a makwancinsa.

Ba yaron kaɗai ke amfana da shayarwa ba. Wani babban nazari da aka fitar a 2002, wanda ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, ya gano cewa duk wata 12 da mace ta yi tana shayarwa haɗarin kamuwarta da sankarar mama yana raguwa da kusan kashi 4 cikin 100.

Tambaya: Likita, tun da na haihu mantuwa ta dame ni, sai in nemi waya alhali tana hannuna. Amma ko juyi jaririyata ta yi cikin dare sai na farka, mijina kuwa ko gezau. Ƙwaƙwalwata ce ta taɓu?

Amsa: 'Yar uwa, ta sauya dai, ba ta taɓu ba. A 2016 wasu masu bincike a Basalona ta ƙasar Sifen sun fitar da sakamakon hotunan ƙwaƙwalwar mata da suka ɗauka kafin cikin fari da kuma bayan haihuwa. Sun ga sauyi a sassan da ke taimaka wa mutum ya gane abin da wani ke ji ko yake buƙata, sauyin kuma yana nan har bayan shekara biyu. Waɗannan sassan ne suka fi motsawa da aka nuna wa matan hoton jariransu. Gwajin riƙe abu a kai bai nuna sun samu naƙasu ba. Mantuwarki na fi ɗora ta a kan barcin da ake yanka miki gida huɗu kowane dare. Ku raba daren da maigidan, ko da sa gyatsa da lallashi ne ya karɓa. Idan da jiri da bugun zuciya, a duba yawan jininki.

Bari in ƙara miki wani abu da har yau yake ba ni mamaki. Wasu ƙwayoyin halittar jariri suna ratsa mabiyiya su shiga jikin uwa su zauna. A 1996 an samu irinsu a jinin wata mata a Amurka shekara 27 bayan ta haifi ɗanta namiji.

Tambaya: Ɗana wata tara, ya fara ƙiwa. Ko ɗaki na shiga sai ya tsala ihu. Ana ta cewa ni na ɓata shi da ɗauka.

Amsa: Ba ki ɓata shi ba, Maman yaro. Ƙiwa takan fara ne wajen wata 8 zuwa 9, lokacin da yaro ya gane cewa kina nan ko da ba ya ganinki, ya kuma bambance ki da kowa. Wayo ne ya zo masa, kuma yakan rage abin da kansa wajen shekara biyu. Ɗaukar jariri idan ya yi kuka ba ya lalata shi.

Abin da zan hana ki shi ne sulalewa. Idan kika ɓace masa ba sallama, gobe ko kewaye ba zai bar ki ki zaga ba. Ki miƙa shi ga wanda ya saba da shi, ki ce masa kin tafi za ki dawo, ki fita ba tare da kin yi ta komowa ba; yawanci kafin ki yi nisa ya yi shiru. A gida kuma ki riƙa rufe fuskarki da mayafi kina buɗewa, yana dariya yana koyon cewa wanda ya ɓuya yana dawowa. Idan kin dawo daga unguwa kada ki wuce ajiye jaka tukuna. Ki durƙusa daga bakin ƙofa, ki bar shi ya rarrafo da kansa.