Hotona Ya Yi Nauyi, Kuma Ya Fito Dishi-Dishi: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A jikin kwalin wayata an rubuta kyamararta megafiksel 50 ce, amma duk hoton da na ɗauka, in na duba bayaninsa sai in ga megafiksel 12 da ɗoriya. Anya ba jabu aka sayar mini ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, wannan kaɗai bai isa a ce wayar jabu ce ba. Kowane hoto da waya ko kyamarar zamani ke ɗauka tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi. Ɗigo ɗaya shi ake kira fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Hoton da faɗinsa fiksel 4000 ne, tsayinsa 3000, in ka ninka su za ka samu miliyan 12.

To wayoyi masu megafiksel 48 ko 50 ɗigoginsu ƙanana ne ƙwarai, kowanne ba ya ɗibar haske sosai, shi ya sa wayar take haɗa huɗu-huɗu su zama ɗaya mai ƙarfi. Raba 50 gida huɗu, ka ga inda 12 da rabi ta fito. Da yawa daga cikin masu 108 tara-tara suke haɗawa, su ma su dawo 12. Akwai wurin kunna cikakkiyar 50 ɗin a cikin manhajar kyamara, amma ni dai ba na taɓa shi sai da rana in haske ya wadata. Da dare asarar wurin ajiya ce kawai.

Tambaya: Malam, zan ɗora hotona a wani shafin cike fom, an ce kada ya wuce kilobait 200, nawa kuwa megabait 4 ne. Sannan ina so in wanke wasu hotunan a takarda. In na rage su ba za su lalace ba?

Amsa: 'Yar'uwa, abu biyu kika haɗa, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su. Akwai girman hoto, wato yawan fiksel ɗinsa. Akwai kuma nauyinsa, wato wurin da yake ci a waya, wanda ake aunawa da kilobait da megabait. Hotuna biyu za su iya zama girma ɗaya amma nauyinsu ya sha bamban, saboda tsarin JPEG yana matse hoto ne ta hanyar zubar da bayanan da ido bai cika lura da su ba. Hoton farin bango yakan matsu sosai, hoton ganyen bishiya kuwa sai ya yi taurin kai.

Na fom ɗin, ki rage girmansa zuwa kamar fiksel 600 ko 800 a gefen da ya fi tsayi, yawanci zai faɗo ƙasa da kilobait 200 ba tare da fuska ta ɓaci ba. In bai faɗo ba, sai ki ɗan rage ingancin matsewar. Amma fa kwafi za ki rage, ki bar na asali yadda yake. Abin da aka zubar ba ya dawowa, kuma duk lokacin da aka sake gyara JPEG aka adana, wani abu yana ƙara zubewa.

Na wankewa kuwa kada ki rage komai. Ƙa'idar da masu wanke hoto ke bi ita ce ɗigo 300 a kowane inci. Ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana buƙatar fiksel 1200 da 1800 ne kawai, megafiksel biyu da 'yan kai ke nan. Cikakkiyar takardar A4 kuma 2480 da 3508, bai kai megafiksel 9 ba. Kin ga 12 ta isa har da saura. Abin da ke kashe hoton wankewa shi ne a tura wa mai wankewa ta WhatsApp yadda aka saba, domin manhajar tana matse shi kafin ya isa. Ki tura shi a matsayin fayil, ko aƙalla ki danna alamar HD da suka ƙara a 2023.

Tambaya: Ranka ya daɗe, na sayi kyamara mai megafiksel 24 don ɗaukar yarana, amma rabin hotunan dishi-dishi suke fitowa. Ko in nemi mai megafiksel da ya fi haka?

Amsa: Kada ka ɓata kuɗinka. Ƙarin megafiksel ba ya maganin dishi-dishi, sai ma ya ƙara fito da shi fili. Kafin komai, buɗe ɗaya daga cikin hotunan a kwamfuta, ka ƙara girmansa ka duba da kyau, domin hoton da kansa zai gaya maka laifin wane ne.

In ka ga bango ko kujerar da ke bayan yaron ta fito garau, fuskarsa ce ta yi hazo, to fokus ne ya kauce, wato wurin da kyamara ta saita don ya fito garau. Kyamara in an bar mata zaɓi takan kama abin da ya fi kusa ko wanda ya fi layuka da bambancin launi, ba ta san wane ne ɗanka ba. Ka shiga saiti ka zaɓi ɗigon fokus guda ɗaya, ka ɗora shi a kan idon yaron, ka danna maɓallin ɗauka rabi har ka ji ƙara ko ka ga alamar ta koma kore, sannan ka ƙarasa dannawa. Masu koyo da yawa ba su ma san maɓallin hawa biyu gare shi ba, dannawa ɗaya suke yi da ƙarfi kamar mai kashe sauro. In kyamarar tana gane ido ko fuska, kunna wannan ka huta. A waya kuwa taɓa fuskar mutumin a sikirin ya wadatar, in ka daɗe da yatsa a wurin yawancin wayoyi za su kulle fokus ɗin.

In kuma babu inda ya fito garau, komai ya ja gefe ɗaya, hannunka ne ya girgiza. Wannan ya fi faruwa a cikin ɗaki, inda kyamara ke daɗewa a buɗe tana jiran haske. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, da gilashin kyamara mai milimita 50 (lambar da ke nuna yadda yake jawo nesa kusa) kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da 1/50 na daƙiƙa, da mai 200 kuma 1/200. Ka manna gwiwar hannu a jiki, ko ka jingina da bango.

Na uku, ɗaki ya tsaya cak amma yaron ya zama kamar inuwa: shi ne ya motsa. Yaro mai guje-guje yana son 1/500 ko fiye, kuma ka sa fokus mai bin motsi, wanda Nikon da Sony ke rubutawa AF-C, Canon kuma Servo. Wannan saurin yana cin haske, don haka ko ka fita da su waje, ko ka ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske amma yana sa masa tsaki-tsaki. Gara hoto mai 'yan tsaki-tsaki da wanda ba a gane fuska.

Wani abu kuma da ke rikita masu sabuwar kyamara shi ne ƙofar haske, wato kafar da haske ke shiga ta gilashi, wadda ake aunawa da lambar f: ƙaramar lamba ƙofa a buɗe sosai, babbar lamba ƙofa a tsuke. A f/1.8 ɗan siririn wuri ne kawai ke fitowa garau, ido ya fito, kunne ya narke. Yana da kyau ga mutum ɗaya. In yara uku ne wani a gaba wani a baya, ka mayar da ita f/5.6 ko f/8.

Tambaya: Wayata ta daina ɗaukar rubutu da kyau in na matso kusa. Ta lalace ne?

Amsa: Da wuya. Fara goge gilashin kyamarar da ƙyalle mai laushi, maiƙon yatsa ya fi komai jawo wannan ƙorafin. Sannan kowane gilashi yana da iyakar kusancin da zai iya kamawa, in ka wuce ta fokus sai ya yi ta kai da komo. Ja baya kamar taƙi ɗaya, ka taɓa rubutun a sikirin, ka ɗauka, daga baya ka yanke gefen da ba ka so. In duk ka yi haka, kusa da nesa babu wanda ke fitowa, ko kana jin ƙara a cikin kyamarar tun bayan da wayar ta faɗi, to sai a kai ta wurin mai gyara.